Keken Samar da Lantarki: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda Ina Taka Feda a Pantami

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace har aka kwashe kwana da kwanaki Gombe tana cikin duhu, na tsinci kaina a layin masu cajin waya a bakin titin unguwarmu ta Pantami, riƙe da wayoyi huɗu a cikin leda, tawa da ta uwargida da na manyan yarana biyu. Mai shagon ya ninka kuɗin caji, kuma ban ga laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ɗin da yake zuba wa janaretansa ya daina zama abin wasa. A wannan layin ne wani matashi mai gyaran fanka da naɗin waya, wanda 'yan unguwa ke kira Injiniya, ya nuna mini hoton wani keke da aka kafe wuri guda, mutum na taka feda ƙwan lantarki na ci. Ya ce zai iya haɗa mini irinsa cikin mako biyu, kuma a bidiyon da ya gani an ce awa guda a kan sirdi ta wadatar da gida tsawon yini da dare. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ya kamata a ce na ɗauki biro da takarda tun kafin in ba da kafin alƙalami, amma wanda ya kwana tara yana laluben ashana ba ya tsayawa dogon bincike. Na biya rabin kuɗin a ranar.

Maganar awa guda ɗin tana da asali, ba shi ya ƙirƙire ta ba. A 2015 wani attajiri ɗan asalin Indiya mazaunin Amurka, Manoj Bhargava, ya fito da wani keken lantarki da ya yi nufin rabawa a ƙauyukan Indiya, kuma da wannan alkawarin aka tallata shi. Gidan da ake nufi a tallar kuwa gidan ƙauye ne mai ƙaramar bukata, irin ta fitila da cajin waya. Daga baya kamfanin nasa ya karkata ga batir mai caji da sola, kuma bayan shekara guda da keke a zaurena ina ganin na fahimci dalili.

Abin da Injiniya ya kawo mini a bayan Keke Napep tsohon keken Phoenix ne da ya cire wa ƙafar gaba, ya kafe shi da walda a kan ƙarfen angul mai ƙafafu huɗu. Ya cire tayar baya ya bar rim ɗin tsirara, sannan ya zagaya dogon bel a cikin kwarin rim ɗin zuwa wani ɗan ƙaramin gare-gare da ke kan injin da zai ba da wutar. Dabarar tana da kyau, kuma na yaba masa a kanta. Babban faranti na feda yana da haƙora 44, na baya yana da 18, faɗin rim ɗin kuma ya ninka na ƙaramin gare-garen sau goma da ɗoriya, saboda haka idan ƙafa ta zagaya sau 60 a minti guda, injin yana juyawa sama da sau 1,500. Daga injin sai waya ta tafi ga batir mai bolt 12 da amfiya-awa 40, daga batir kuma aka fitar da mazaunin ƙwan fitila uku da irin cajar nan da ake sokawa a mota. Ya shafe ƙarfen da koren fenti, har ya rubuta addu'a a jikin katakon da batir ke zaune a kai. Kuɗin da na kashe gaba ɗaya, idan aka cire batir, ya isa ya saya mini farantin sola mai wat 100 da na'urar daidaita cajinsa har in samu canji, kuma wannan kwatancen zai sake dawowa a gaba.

Haɗin farko bai yi aiki ba. Injiniya ya sa altaneta ta mota, domin ita ce mai sauƙin samu a wurin masu kayan gyara, kuma kowa ya san ita ke cika batir a mota. Matsalarta ita ce ba ta da maganaɗisu na dindindin. Sai an fara ciyar da naɗin wayar da ke cikinta wuta, amfiya uku zuwa huɗu, wato kusan wat 40, kafin ta soma ba da tata. Injin mota ba ya ko jin wannan ɗan harajin, amma ga ƙafar ɗan Adam kusan rabin jarin ke nan. Na taka na minti ashirin har rigata ta jiƙe sharkaf, da muka gwada batir sai muka tarar kusan inda muka bar shi yake. Injiniya ya yi shiru yana kallon mitar, sannan ya ce, "Malam, ka ba ni kwana uku, laifin nawa ne." Ya dawo da wani moto mai maganaɗisu da ya ciro daga wani ƙaramin babur mai batir na cikin kayan gwanjo, mai bolt 24 da wat 250, bai kuma karɓi ko kwabo a kan canjin ba. Tun daga ranar keken ya fara ba da wuta ta gaske.

A daren da aka sa sabon moton ne aka yi abin da har yau yara ke ba da labarinsa. Cikin gaggawa ya manta bai sa ɗan ƙaramin abin nan da ake kira dayod ba, wanda ke barin wuta ta wuce gaba ya hana ta komowa baya. Moto mai maganaɗisu kuwa fuska biyu gare shi: ka juya shi ya ba ka wuta, ka ba shi wuta ya juya da kansa. Da ya maƙala wayar ƙarshe a kan batir, sai rim ɗin ya kama gudu shi kaɗai a cikin zaure babu kowa a kan sirdi, bel na kuka, sifoki na walƙiya a hasken tocila. Autata ta kwasa a guje tana kiran mahaifiyarta, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta leƙo ta ja da baya tana salati. Washegari aka sa dayod, magana ta ƙare, amma duk mai shirin sa a haɗa masa irin wannan keke ya tambayi mai haɗin ko ya sa shi, domin in babu shi batir zai riƙa zubar da abin da aka tara masa da gumi.

Kafin in amince da kowace magana, na sayi ɗan mita mai nuna bolt da amfiya na ɗaura shi a kan keken inda idona zai riƙa ganinsa, na kuma ware littafi ina rubuta abin da kowa ya samar. Ni da na haura shekara arba'in da biyar, wanda rabona da keke tun ina ɗalibi, ina iya riƙe wat 60 na tsawon rabin awa ba tare da numfashina ya sarƙe ba, kuma bayan wata biyu na iya kai awa guda a haka. Idan na miƙe tsaye na zuba ƙarfina duka, mitar takan haura wat 200, amma ba na kai rabin minti sai idona ya fara ganin duhu-duhu, cinyoyina su yi kamar an zuba musu barkono. Babban ɗana mai shekara goma sha bakwai, wanda ke buga ƙwallo kullum da yamma, yakan riƙe wat 90 na minti arba'in, sannan ya sauka ya nufi kicin. Waɗannan lambobin ba su saɓa wa abin da aka sani game da jikin mutum ba: baligi mai lafiya da ba ɗan wasa ba yana tsakanin wat 50 da 100 ne idan aikin zai ɗauki lokaci, manyan 'yan tseren keke na duniya kuwa su ne ke riƙe kusan wat 400 na awa guda, kuma su ba su da wata sana'a sai wannan.

Daga nan lissafin ba shi da wuya, sai dai ba shi da daɗi. Yunit guda da mitar gida ke ƙirgawa shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. A wat 60, sai na yi awa 16 da minti 40 a kan sirdi kafin in haɗa yunit ɗaya, kuma da yake batir mai ruwa yakan cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka zuba masa kafin ya mayar, ainihin lokacin ya kusa awa 21. Kuɗin wuta mafi tsada da ake biya a ƙasar nan, na rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, ya koma naira 209.5 kan kowane yunit a watan Yulin 2024. A wannan farashin, awa guda da na yi ina haki ba ta kai naira 13 ba, kuɗin da ba zai sayi ledar ruwa guda ba, alhali nakan sha uku kafin in sauka. Wata rana da na kai ɗalibai yawon buɗe ido madatsar Dadin Kowa, wadda aka gina injinanta don su ba da megawat 40, wato wat miliyan 40, na sa su raba wannan adadi da wat 60 nawa. Amsar ta fito mutum sama da 660,000, kowa a kan kekensa, babu mai sauka cin abinci ko salla ko barci. Yaran sun yi dariya, ni kuwa na tsaya ina kallon ruwan Gongola da wani irin girmamawa da ban taɓa yi masa ba.

Fanka ce ta fi ba ni haushi, domin saboda ita uwargida ta goyi bayan sayen keken tun farko. Wanda ke tuƙa keke a kan hanya iskar tafiya tana busar masa da gumi, amma wanda ke taka keken da aka kafe a zaure yana zaune ne cikin zafin jikinsa. Jiki ba ya mayar da abin da ya ƙona ya zama motsi sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ragowar duka zafi ne, saboda haka a lokacin da mita ke nuna wat 60, bayan abin da sarƙa da bel da moto suka ci, jikina yana fitar da zafin da ya kusa wat 300. Fankar tsaye irin ta gida tana cin wat 50 zuwa 60, ban da abin da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ke yankewa. Ranar da na haɗa ta na juyo da fuskarta gare ni, sai na gane cewa ina taka feda ne don in juya fankar da ke busar da gumin da takawar ta jawo, kuma ko ɗigon wuta ba ya shiga batir. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ai da ka sauka ka ɗauki mafici da ka fi hutawa." Ban samu abin da zan ce mata ba. Ƙaramar fankar nan mai bolt 12 da ke cin wat 15 zuwa 20 ita ce kawai ta dace da keken, domin awa guda ta takawa tana juya ta kusan awa uku, amma dare a watan Afrilu ya fi awa uku tsawo.

Duk abin da aikinsa dumama ko sanyaya abu ne, a cire shi daga lissafi tun daga farko. Dutsen guga mai wat 1,000 yana bukatar mutum goma sha bakwai irina a lokaci guda, kuma gugar minti goma daidai take da kusan awa uku da rabi a kan sirdi. Tafasa lita guda ta ruwan shayi ya kusa awa biyu. Ƙaramin firji yana cin kusan yunit guda a yini, wato duk awannin da Allah ya halitta in ban da uku. Ba gazawar Injiniya ba ce, kuma ba keken Turai ne zai canza wannan ba. A 2015 an ɗora Bajamushen nan ɗan tseren keke, Robert Förstemann, wanda ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Landan a 2012 kuma aka san shi da kaurin cinya, a kan keke don ya gasa yankan burodi guda da na'ura mai wat 700. Bai kai minti biyu ba ya sauka ya zube ƙasa yana haki, burodin kuwa da ƙyar ya canza launi. A 2009 tashar BBC ta tara masu keke kusan 80 don su riƙe wutar gida ɗaya na iyali guda a Ingila na yini ɗaya, kuma da maigidan ya shiga wanka da ruwan zafi sai da kusan dukansu suka hau a tare.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a mita, wanda uwargida ce ta fara lura da shi a tukunya. Mutane sukan ce wutar keke kyauta ce tunda ba a sayen fetur, amma fetur ɗinta tuwo ne. Yunit guda daidai yake da kalori 860 na abinci idan babu asara ko kaɗan, to amma jiki yana zubar da kashi uku cikin huɗu, sarƙa da bel da moto su ci nasu, batir ya ci nasa, sai ka ga yunit ɗaya da ya isa ga ƙwan fitila ya laƙume kalori tsakanin 6,000 da 7,000. Kilo guda na masara yana da kusan 3,600. Ke nan kusan kilo biyu na hatsi, abincin baligi na kwana biyu zuwa uku, ake ƙonawa don a samu wutar da ake sayarwa naira 209.5 a 2024, ba a yi maganar niƙa da itace da kayan miya ba. Ko ɗan ƙaramin janaretan nan mai hayaƙi da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yakan ba da kusan yunit guda daga lita ɗaya, kuma duk tsadar fetur bai kai tsadar ciyar da saurayi mai shekara goma sha bakwai da ya sauko daga keke ba.

Da wannan kaɗai zan tsaya da na zalunci keken, domin akwai inda ya biya ni har na gode. Kuskuren da na yi shi ne auna shi da farashin wutar da babu ita. Ranar da babu wuta, farashin da ke aiki shi ne na mai shagon caji, da na batirin tocila, da na tafiya cikin duhu. Babbar waya mai batir ɗin da aka rubuta wa mAh 5,000 tana ɗaukar abin da bai wuce wat 20 na awa guda ba, don haka awa ɗaya a kan keke tana cika manyan wayoyi biyu, ko ƙananan masu madannai kusan goma. Ƙwan fitila uku masu wat biyar-biyar suna ci daga magariba har bayan ƙarfe tara da abin da na tara cikin awa guda, lokacin da ya ishi yara su yi aikin gida su yi tilawa. Rediyo kuwa kusan ba ta jin komai. Takawar minti goma tana riƙe ta daga labaran safe har na rana. A nan ne na ga keken ya koma aikin da aka san shi da shi tun asali. A 1929 wani injiniya a Ostareliya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyon aika saƙo mai feda don mutanen da ke zaune a daji nesa da gari su riƙa kiran likitan da ke zuwa da jirgin sama. Wutar da ake bukata kaɗan ce, ƙafa na takawa hannu na buga saƙo, kuma abin da saƙon ke ɗauke da shi rai ne. Daren da wata maƙwabciyarmu ta fara naƙuda wayar mijinta a mace, minti biyar ɗana ya taka wayar ta kunnu aka kira mai mota, kuma tun daga ranar mutumin yake gaishe da keken idan ya shigo zaure.

Amfaninsa yana bin yanayin shekara. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, hawansa bayan sallar asuba abin marmari ne, jiki ya ɗumama, batir ya samu abin karin kumallo, ni kuma na rage tumbi har sai da na kai wandunana biyu wurin tela. Da azumin 2025 ya kama a watan Maris, daidai lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40, babu wanda ya kusance shi da rana, bayan shan ruwa kuma ciki ya yi nauyi, ga tarawihi, sai ƙura ta rufe sirdin har bayan salla. Ya sake samun daraja a watan Agusta, lokacin da hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku a jere.

Aikin hannun Injiniya yana da aibobin da ya kamata in faɗa. Bai rufe sarƙa ba, kuma a mako na farko ta kama bakin wandona ta yage shi har gwiwa. Wanda ke sanye da doguwar riga ko zani ba zai iya hawa ba sam, shi ya sa uwargida da 'yan mata ba su taɓa taka shi ba, kuma hakan ya rage rabin ƙafafun gidan. Bel da sifoki a buɗe suke daidai tsayin hannun yaro mai rarrafe, sai da na sa kafinta ya yi musu akwatin katako. Sirdin Phoenix an yi shi ne don tafiyar da ake sauka ana hawa, kuma bayan minti arba'in a wuri guda mazaunai su ne ke fara kai ƙara kafin cinya. Da an sa kujera mai majingina aka tura feda gaba da an fi daɗewa a kai. Babu wani nauyi a jikin rim da zai riƙe gudu tsakanin taku da taku, don haka feda tana fizga, gwiwa tana ji. Yana da ƙara, irin kukan injin niƙa daga nesa, wanda ba ya barin mai barci a ɗakin da ke jikin zaure. Babban aibin shi ne rashin na'urar daidaita caji. Batir mai bolt 12 ba ya son a haura masa bolt 14 da rabi, moton kuwa yakan ba da fiye da 25 idan aka sake shi babu kaya. Wata rana wayar batir ta kwance ɗana bai sani ba, ya ji feda ta yi sauƙi ya ƙara gudu, nan take caja da ƙwai biyu suka ƙone, warin roba ya cika gida. Allah ya taimaka babu wayar salula a jikin cajar. Yanzu an sa na'urar daidaita cajin da kuma fiyus, kuma batir yana kusa da taga, domin mai ruwa yakan fitar da iska mai kama wuta idan yana caji.

Shi kansa Injiniya ba ni da ƙorafi a kan mu'amalarsa. Mako biyun da ya ce ya zama biyar, wanda duk mai hulɗa da masu sana'ar hannu ya san ba sabon abu ba ne, amma duk lokacin da na kira shi ya zo, bai taɓa ɗora laifi a kan yara ba, kuma da na nuna masa littafin lissafina ya zauna ya karanta shi shafi-shafi, ya nemi in bar shi ya ɗauki hoto. Na ji daga baya cewa ya daina faɗa wa masu tambaya maganar awa guda ta wadatar da gida, yanzu yakan ce musu waya da fitila da rediyo ne kawai.

A watan Afrilu na sayi farantin sola mai wat 100 na ɗora a kan rufin zaure, na haɗa shi da batir ɗin keken. A rana mai haske yana tara kusan wat 400 na awa, abin da zai ɗauke ni kusan awa bakwai ina takawa, kuma yana yin haka ne ina makaranta ina koyarwa, ba ya neman tuwo, ba ya ƙara, abin da yake bukata kawai a goge masa ƙura da tsumma, musamman da hunturu. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya tak, ya sayi farantin, ba na ko shakka a kan wannan shawara. Keken ya dace da wanda ya riga ya mallaki sola da batir yana neman abin da zai cike giɓin daren da hadari ya hana caji, da wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda suga ko hawan jini, wanda gumin dole ne a gare shi ko da wuta ko babu, da kuma makarantu. Na kai shi aji sau biyu, na haɗa tsohon ƙwai mai zare na wat 60 da sabon mai wat biyar, na sa ɗalibai su taka su ji bambancin a cinyarsu lokacin da na sauya daga wannan zuwa wancan, kuma ban taɓa koyar da darasin da ya zauna musu kamar wannan ba.

Telan da ya rage mini wandunan nan, wani dattijo a Tudun Wada, shi ne ya sa na sake duban al'amarin ta wata fuska. Na ba shi labarin keken yana ɗinki, aka ɗauke wuta muna cikin magana, sai ya sa hannu ya zame bel ɗin moto ya mayar da na ƙafa, ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa na Butterfly bai ko ɗaga kai ba. Ƙarfin ƙafarsa yana tafiya kai tsaye daga feda zuwa allura ta bel guda ɗaya. Da zai bi hanyata, sai ƙarfin ya zama wuta a moto, ya shiga batir, ya fito ta inbata, ya sake zama motsi a wani moton, kuma a kowace ƙofa ana karɓar haraji har abin da zai isa ga allura bai kai rabi ba. Mai wasa wuƙa da ke yawo da gare-garen keke da dutse, da maƙerin da ya mayar da rim ɗin keke abin zuga wuta, duk sun riga ni gane wannan ba tare da mita ba. Da na koma gida na kira Injiniya na tambaye shi ko zai iya ƙara wani gare-gare a gefen moton, wanda za a riƙa sauya bel zuwa gare shi, ya juya ɗan ƙaramin injin markaɗen tattasai da tumatir, tare da rufe sarƙar da sa kujera mai majingina yadda mata za su iya hawa. Ya zo ya auna da tef, ya ce aikin mako biyu ne. Yau mako na huɗu ke nan, keken yana shagonsa, batir kuma yana zaure a jikin sola.